Ranar da Aka Sa Littafi Gasa Burodi

Kwana uku kacal Auta ya yi a wajen kwas, amma da ya dawo sai ka rantse shekara uku ya yi yana karatu. Ya zo da jaka mai tambari da biro mai tambari, ga takardar shaida da ya tsaya aka sa mata gilashi tun kafin ya ƙaraso gida. Har tafiyarsa ta canza. Da can jan ƙafa yake yi, yanzu kuwa hannu ɗaya a aljihu, kai a sama, yana duban rufin gidan burodin yana girgiza kai kamar wanda aka kira ya zo ya ga ɓarna.

Gidan burodin na yayarsa ne. Ita ta karɓe shi bayan rasuwar mahaifinsu, ta kuma gaji Auta tare da shi, don ba a raba mata su ba. Ta gwada shi a sito, ya kulle makulli a ciki. Ta gwada shi a motar rabo, ya sauke burodin asibiti a tashar mota, ya dawo yana ba da labarin irin godiyar da aka yi masa. Da ta ga tallar kwas na adana ilimi a ma'aikatu, ko ƙasan takardar ba ta karanta ba ta tura shi, don ita abin da take nema hutun kunne ne na kwana uku.

A makon nan kuwa tana da abin da ya fi Auta damunta. Baba Mai Tanderu, wanda ya shekara talatin da huɗu yana gasa burodin gidan, zai ajiye aiki ranar Asabar. Gwiwoyinsa sun gaji, 'yarsa kuma ta rantse sai ta ɗauke shi ya koma wurinta ya huta. Labari ya kai kunnen shugabar kicin ta kwalejin kwana, wadda ke karɓar burodi ɗari shida kullum, wato rabin abin da gidan ke gasawa. Ta aiko da saƙo gajere: in tsohon ya tafi da ɗanɗanon burodin, ita ma za ta tafi da odarta.

Yaya tana zaune ta yi tagumi a kan wannan saƙo Auta ya faɗo ofis ba sallama.

"Yaya, kin san abin da ke damun gidan nan?"

"Na sani. Ga shi nan tsaye a gabana."

"Ban da wasa. Ilimi ne ke zuba. Kullum zuba yake kamar famfon da ya lalace, ba mai tarawa. Ki ba ni mako ɗaya. Duk abin da ke cikin kan Baba zan kwashe shi tsaf in zuba a littafi. Ranar Asabar ya tafi da hularsa, mu kuma mu riƙe abin da ke ƙarƙashinta."

"Abin da mutum ya tara a shekara talatin da huɗu za ka kwashe a mako ɗaya?"

"Kwana biyar ma. Na bar ɗaya ne don ɗaurin bango."

Yaya ta dube shi ta dubi saƙon. Ba ta da wata dabara, Baba kuma bai taɓa samun wanda ya tsaya ya koya a wurinsa ba, don duk wanda aka kawo zafin tanderu ke korarsa kafin wata ya cika. Ta ce ya je ya gwada, amma in ya ƙara jawo mata abin kunya, ko ƙofar gidan kada ya sake takowa sai dai in burodi zai saya.

Ranar Litinin da hantsi Auta ya tara ma'aikata a tsakar gida, ya jingina allo a jikin buhunan fulawa. Tela, wanda shagonsa ke manne da gidan burodin, ya leƙo ta taga da tef a wuya, don shi ba a yin taro a unguwar ba da shi ba.

"Za mu fara da tarihi," in ji Auta. "Da can, zamanin duhun kai, in mutum yana son sana'a sai ya bi ubangidansa shekara da shekaru yana kallo. Ɓata lokaci! Daga nan aka shiga zamanin fayil da kabad. Daga nan aka shiga zamanin kwamfuta. Sai manyan kamfanoni suka farga cewa babbar dukiyarsu kullum da yamma takalmi take sawa ta fice ta ƙofa. Wace dukiya ce wannan? Abin da ma'aikata suka sani."

"Wato mu ne dukiyar?" in ji Mai Kwaɓi, wani gajeren mutum da fulawa ba ta barin girarsa. "To a taimaka a gaya wa Hajiya, don ina jin ba ta samu labari ba."

"Kada a katse ni. Ilimi iri biyu ne. Akwai na fili, wanda ke rubuce a takarda, kowa ya ɗauka ya karanta. Akwai na ɓoye, wanda ke cikin kan mutum da hannunsa. Aikina shi ne in tatso na ɓoyen in mayar da shi na fili."

"Tatsa kuma?" in ji Tela daga taga. "A zo da ƙwarya ke nan?"

Aka bushe da dariya. Baba dai yana gefe a kan kujerarsa, yana murza ɗan yatsan ƙafarsa na hagu.

Doka ta farko da Auta ya kafa ta faɗa kan bencin bakin ƙofa. A nan ma'aikata ke zama kowace safiya su sha shayi, Direba ya ba da labarin abin da ya jiyo a wurin masu fulawa da masu shaguna, Mai Kwaɓi ya faɗi yadda kwaɓin jiya ya yi. Auta ya ce wannan hira ce, hira kuwa iska ke kwashe ta. Ya sa aka ɗauke bencin aka kai bayan sito, ya kafa akwatin katako mai kwaɗo a wurin, ya rubuta masa AKWATIN ILIMI da jan fenti. Ya raba wa kowa takarda mai tambaya ɗaya tak: Rubuta duk abin da ka sani.

Mutanen Allah kuwa suka rubuta. Da la'asar Auta ya buɗe akwatin a gaban kowa, ya gyara murya, ya shiga karantawa da ƙarfi ba tare da ya fara duba abin da ke ciki ba.

"Na san wanda ke barci a bayan mota ya ce taya ce ta yi faci."

Direba ya miƙe tsaye. "Rubutun wa ke nan?"

"A zauna, ilimi ba shi da mai shi. Ta biyu: Na san wanda ke lasar bota da yatsa ya mayar da yatsan cikin kwaɓi."

"Ƙarya ne!" in ji Mai Kwaɓi. "Yatsan da nake lasa daban, na kwaɓi daban!"

Kafin a kai takarda ta biyar sai da aka shiga tsakani. Direba da Mai Kwaɓi, waɗanda suka shekara tara suna shan shayi a kofi ɗaya, suka daina ko gaisawa. Auta ya ce wannan alama ce ta cewa ilimin ya yi yawa, ya fito da ƙarfi. Ya datse kwaɗon, ya jefa makullin a aljihu, ya ba da sanarwar cewa daga yau sai ƙarshen wata za a riƙa buɗewa.

Talata da safe ya koma kan Baba, da littafi a hannu ɗaya da agogo a ɗayan.

"Baba, gishiri nawa kake cewa a zuba?"

"Daidai."

"Daidai nawa?"

"Wanda ba zai yi yawa ba."

Auta ya rubuta. "To minti nawa burodi ke yi a cikin tanderu?"

"Sai ya yi."

"Ta yaya kake sanin ya yi?"

"Ai zai gaya maka, ɗana."

"Burodin?"

"Shi fa. In kana saurare."

Auta ya gane cewa tambaya ba za ta fisshe shi ba. Tsohon nan, a ganinsa, ko dai rowa yake yi ko kuma bai san abin da ya sani ba, kuma malamin kwas ya ce na biyun ya fi yawa. Sai ya canza salo. Ya daina tambaya, ya koma bin Baba sau da ƙafa yana rubuta duk motsin da ya yi, da lokacin da ya yi shi. Baba ya juya dama, Auta na dama. Baba ya sunkuya, Auta ya sunkuya. Sau biyu dogon katakon da ake zaro burodi da shi ya daki Auta a ciki, sau ɗaya gefen girarsa ya babbake, amma bai gudu ba. Gaskiya dai a faɗe ta: wauta ce ke tafe da shi, amma naci kam Allah ya ba shi. Gumi na ɗiga a kan takarda yana sharewa da gwiwar hannu yana ci gaba, har Baba ya fara matsa masa wuri.

Ranar Alhamis Direba ya dawo daga ɗauko fulawa, ya tare Auta a bakin ƙofa.

"Yallaɓai, akwai magana a kan sabbin buhunan nan. Mai siton fulawa ya ce..."

"Tsaya! Da baki za ka faɗa?"

"To da me zan faɗa?"

"Baki ba ma'aji ba ne. Rubuta ka jefa a akwati."

"Magana ce ta gaggawa fa."

"Shi ya sa ma za a adana ta."

Direba ya dube shi sama da ƙasa, ya yagi bayan kwalin sigari ya rubuta, ya jefa, ya kaɗe hannu ya wuce. Auta ya bi shi da kallon jin daɗi, ya ce wa Tela ga shi nan, mutane sun fara wayewa.

Juma'a ce ranar tacewa. Auta ya kulle kansa a ofis da matakai sittin da huɗu da ya rubuto, ya ce littafin zamani ba ya ɗaukar shara. Ya ɗauki jan biro ya fara yanka. Baba yana buɗe tagar baya da safe ya miƙa hannu waje ya tsaya shiru: shaƙatawa ce, ya soke. Bayan an zuba kwaɓi a gwangwani Baba yana zama shan shayi na minti arba'in: lalaci ne, ya soke da layi biyu. Yana kwashe garwashi ya goge cikin tanderu da jiƙaƙƙen tsumma: aikin mai shara ne, ya soke. Yana watsa ɗan garin fulawa a ƙasan tanderu ya tsaya yana kallo: almubazzaranci ne, ko ma camfi, ya soke.

Amma akwai waɗanda ya ga Baba bai taɓa tsallakewa ba ko sau ɗaya, kuma kullum a lokaci guda yake yin su, don haka ya tabbata a nan asirin yake. Ya ja musu layi da baƙin biro, ya sa musu tauraro. Da ya gama, matakai sun koma ashirin da ɗaya. Ya kai aka buga, aka yi masa bango mai ruwan zinariya, sunansa a sama da manyan baƙaƙe, na Baba a ƙasa da ƙanana.

Daga nan bai zame ko'ina ba sai kwaleji. Ya gaya wa shugabar kicin cewa ta zo gobe da ƙarfe goma ta ga abin da ba a taɓa gani ba: mutumin da bai taɓa taɓa fulawa ba zai gasa burodin Baba, da littafi kawai. Sai da ya dawo ya sanar da Yaya.

"Ka ce mata me?"

"Ta ce za ta zo da mataimakanta biyu."

Yaya ta dafe kai. "Inna lillahi. Wane ne mutumin da bai taɓa taɓa fulawa ba?"

"Tela."

"Auta, ni na yi maka wani laifi ne da ban sani ba?"

"Yaya, gobe da kanki za ki nemi gafarata."

Asabar ta zo da rana mai zafi tun da safe. An jera kujeru a tsakar gida. Shugabar kicin, wata doguwar mace mai tabarau wadda ba ta dariya sai da dalili, ta zauna a gaba da mataimakanta. Maƙwabta sun cika ƙofa, har mai facin taya na tsallaken titi ya rufe rumfarsa ya zo. An zaunar da Baba a kujera mai hannu cikin sabuwar rigar da Yaya ta ɗinka masa ta sallama, 'yarsa na gefe da makullin mota a hannu. Auta ya roƙe shi alfarma ɗaya: kome ya gani kada ya yi magana.

Tela ya fito da hular leda da atamfar aiki har ƙasa, yana ɗaga wa jama'a hannu. Auta ya hau kan akwatin lemo ya buɗe littafi.

"Mataki na ɗaya! Buhu ɗaya na fulawa, bokiti biyu na ruwa."

Tela ya farke sabon buhu ya zuba, ya kunna injin kwaɓi. Injin ya juya sau uku ya fara nishi.

"Ranka ya daɗe, abin nan ya yi tauri fa. In ƙara ruwa?"

"Littafi ya ce biyu."

"Littafin ya taɓa shi ya ji?"

"Kai dai bi umarni."

Daga bayan jama'a Direba ya ɗaga murya. "Sabuwar fulawar nan ta fi tsohuwar shan ruwa! Mai sito ya ce a ƙara rabin bokiti!"

"Me ya sa ba ka faɗa ba?" in ji Yaya.

"Na faɗa, Hajiya. Tana cikin akwati. Sai ƙarshen wata."

Shugabar kicin ta sauke tabarau ta dubi akwatin, ta mayar. Auta ya yi kamar bai ji ba, ya ce a wuce gaba. Da ƙyar Tela ya yayyanka kwaɓin, yana cewa ko fatar takalmi ta fi wannan laushi, ya danna shi cikin gwangwanaye.

"Mataki na goma sha ɗaya, mai tauraro! A cire takalmin hagu."

Tela ya tsaya. "Na'am?"

"Takalmin hagu. A cire."

"Na dama fa?"

"Na dama ba ya cikin ilimi."

Tela ya cire. Wata mata a bakin ƙofa ta tambayi ta kusa da ita ko burodin da suke ci duk shekarun nan da ƙafa ake yin sa. Baba ya buɗe baki, 'yarsa ta taɓa shi, ya rufe.

"Mataki na goma sha biyu, mai tauraro! Tari sau biyu."

Tela ya yi tari sau biyu.

"Na biyun ya fi na farko ƙarfi."

Tela ya sake. Mataimakan shugabar kicin suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

"Mataki na goma sha uku, mai tauraro biyu! A bugi rufin tanderu sau uku da katako, a ce: Sauka, 'yar nema!"

Tela ya ɗaga katako ya buga da iya ƙarfinsa ya yi kiran. Sai ga wata ƙatuwar kyanwa ta diro daga saman tanderun, inda take kwance tana jin ɗumi, ta bi ta kan cinyar shugabar kicin ta fice ta ƙofa. Aka yi ihu, aka yi salati. Auta ya ɗaga littafi sama.

"Kun gani? Yana aiki!"

"Mene ne ke aiki?" in ji shugabar kicin tana kakkaɓe zaninta.

"Tsarin, ranki ya daɗe. Mataki na goma sha huɗu! A zuba burodi."

Mai Kwaɓi ya kasa daurewa. "Yanzu? Ko tashi bai yi ba! Ga garwashi jajir a ciki ba a kwashe ba!"

"An soke wannan. Mun rage wa aikin nan minti hamsin da biyar. Tela, zuba."

Tela ya tura gwangwanaye cikin wutar da ko hannu ba a iya kaiwa bakinta, ya rufe ƙofa. Auta ya duba agogo ya ce minti ashirin da biyar cif, kafin nan zai ɗan yi wa baƙi bayanin zamanin fayil da kabad. Bai kai ga kabad ba hayaƙi ya fara fitowa ta gefen ƙofar tanderu, fari da farko, daga baya baƙi ƙirin.

"Ranka ya daɗe, yana ƙonewa," in ji Tela.

"Saura minti goma sha takwas."

"Shi bai san da haka ba!"

Tela ya fizge ƙofar. Hayaƙi ya turnuƙe tsakar gidan, garwashi ya zubo ƙasa, ƙafar hagu kuwa, wadda ilimi ya cire wa takalmi, ta sauka a kan guda. Tela ya ƙwalla ƙara ya shiga tsalle da ƙafa ɗaya yana kiran sunan mahaifiyarsa. Wani a waje ya yi ihun gobara. Mai facin taya ya ruga ya dawo da bahon ruwan da yake gwada tiyub a ciki, bai tsaya tambaya ba ya watsa shi inda ya ga mutum a tsaye a sama, wato kan Auta da littafinsa. Ruwan zinariyar bangon ya bi hannun rigarsa yana ɗiga.

Da hayaƙi ya lafa aka zaro abin da aka gasa. Ƙanana ne, baƙaƙe, kowanne ya ƙanƙance a tsakiyar gwangwaninsa. Shugabar kicin ta ce a ba ta wuƙa. Ta danna, wuƙa ta zame. Ta sa hannu biyu ta raba shi da ƙyar, sai ga cikin ɗanye sharaf yana bin yatsa. Mai facin taya ya ɗauki ɗaya ya jinjina, ya tambaya ko za a bar masa huɗu, yana neman abin tokare mota.

Dariyar da aka yi har titi ana jin ta. Yaya kaɗai ba ta yi ba. Tana tsaye ta harɗe hannu, idonta ya kawo ruwa, tana kallon shugabar kicin na ɗaukar jakarta. Auta ya ga fuskar yayarsa, sai ya rufe jiƙaƙƙen littafin.

"Ɗan dakata, 'yata," in ji Baba ga shugabar kicin.

Ya miƙe a hankali, ya cire sabuwar rigar ya miƙa wa 'yarsa. Ya dubi Mai Kwaɓi. "Kai, na san halinka. Ina ka ɓoye shi?"

Mai Kwaɓi ya sosa ƙeya. Ashe tun da safe ya yi nasa kwaɓin a sito, da ya ji fulawar a hannu ya ƙara mata ruwa, ya jera a gwangwani ya rufe da ƙyalle. Shi da Direba suka kinkimo gwangwanayen tare, an manta da gaba. Kwaɓin ya tashi ya yi ɓul-ɓul.

Baba ya kwashe garwashi, ya goge cikin tanderu da jiƙaƙƙen tsumma, ya jira, sannan ya watsa ɗan gari a ƙasa ya tsaya kallo.

"Baba," in ji Auta da ƙaramar murya, ruwa na ɗiga daga haɓarsa, "wannan na mene ne?"

"In garin ya yi baƙi nan take, wuta ta yi yawa. In ya yi ja a hankali, ta yi daidai."

"Shayin fa?"

"Kwaɓi ke tashi. Ni kuma me zan yi, in tsaya ina kallonsa?"

"Tagar?"

"Zafin gari nake ji. Ranar zafi da sauri yake tashi, ranar sanyi sai an yi masa haƙuri."

"To takalmin?"

"Ƙafata ke ciwo, ɗana. Tarin kuma hayaƙi ne. Ka tambaye ni abin da nake yi, ka tambaye ni minti nawa, amma ko sau ɗaya ba ka ce don me ba."

Ba a jima ba ƙamshi ya cika gidan, irin wanda unguwar ta saba tashi da shi. Baba ya kara kunne kusa da ƙofar tanderu, ya gyaɗa kai, ya zaro. Shugabar kicin ta gutsura ta tauna ta lumshe ido.

"Wannan shi ne burodina," ta ce. "Hajiya, magana ɗaya ce. In hannun nan yana nan, ko hannun da shi ya koyar, ina nan. In littafi ne, a kai wa mai facin taya."

Yaya ta durƙusa a gaban Baba. "Baba, wata uku. Don Allah. A kujera za ka zauna, ba za ka ɗaga ko gwangwani ba. Ka zaɓi duk wanda kake so ka koya masa." Ta juya ga ƙanenta ba tare da ta ɗaga murya ba. "Kai kuma ka san abin da muka yi da kai. Ga ƙofa."

Auta ya sauko daga kan akwatin lemo. Ya ajiye jiƙaƙƙen littafin a kan kujera ya nufi ƙofa, jama'a na buɗa masa hanya, ba mai dariya yanzu.

Baba ya dubi 'yarsa. Ta yi ajiyar zuciya ta jefa makullin mota a jaka.

"To na zaɓa," in ji Baba. "A dawo mini da wancan."

"Wa?" in ji Yaya. "Baba, Auta fa?"

"Shi. Shekara talatin da huɗu ina gaban wutar nan, duk wanda kuka kawo mini inuwa yake nema. Wannan ne kaɗai ya yi kwana uku a bayana, girarsa ta ƙone bai matsa ba. Kansa ne babu komai, shi kuwa wannan da sauƙi, wuri ne na zubawa. Ni ma ba na so in tafi da abin nan kabari, 'yata. Ya daɗe yana damuna."

Auta ya tsaya a bakin ƙofa. Ya dawo sumui-sumui ya tsaya a gaban tsohon, ya laluba aljihu ya zaro bironsa mai tambari.

"Baba, daga ina za mu fara? In rubuta..."

Baba ya karɓi biron ya miƙa wa Tela, wanda ke zaune ƙafa cikin bokiti.

"Je ka wanke hannunka," ya ce wa Auta. "Har gwiwa. Kwaɓin rana na jira."